Ranar da Zarmala Ta Jefar da Takobi

Mai jarida ya jefo mujallar ta saman ƙofa da hantsi, ta faɗi daf da bakin akuyar da za a yanka. Da ban yi wuf na ɗauke ba, da ta fara da bangon. Na kakkaɓe ta, na cusa a ƙarƙashin mayafina kafin Ammi, mahaifiyarmu, ta gani, don tun asuba take nemana da aiki.

Ranar sunan 'yar yayana ce. Gidanmu na Sialkot ya cika tun safe. 'Yan uwan Ammi sun iso daga Gujranwala da motar farko, an jera gadajen igiya a gindin bango, yara sai tsalle suke yi a kai. A cikin lungu wanzami ya ɗora manyan tukwanen shinkafa, don shi zai dafa, shi kuma zai aske kan jaririya bayan azahar. Ni ce gwaggo, ni kaɗai, saboda haka ni zan fito da ita a hannuna in faɗi sunanta a gaban kowa. Haka ake yi a gidanmu tun kakanni. Uwa tana ɗaki, ba ta tsallake dokin ƙofa sai ta yi arba'in.

Sunan kuwa kowa ya riga ya san shi: Zarmala. Ni na zaɓe shi, kuma a cikin wannan mujallar na ɗauko.

Labarinta yana fitowa wata-wata, yau shekaru ke nan. 'Yar maƙeri ce a wani kwari da ke bayan duwatsun ƙanƙara. Yariman aljannu, Arzan, ya ɗaure kogin garinsu ya janye shi zuwa fadarsa don kawai ya shayar da lambu. Gonaki suka bushe, yara suna mutuwa, mazan garin suka yi lamo. Ita ce ta hau dutse ana tsawa, ta cafke walƙiya da awartakin ubanta, ta ƙera takobi. Ƙarfinta yana cikin kitsonta, muddin ba a yanke shi ba iska tana ɗaukarta duk inda ta ce. Ni dai ban taɓa son wani mahaluƙi a takarda kamar yadda na so yarinyar nan ba.

Tare muke karantawa da Bhabi Shagufta, matar yayana. Da zarar ya fita masana'antar ƙwallo inda yake manaja, mun gama wanke-wanke, sai mu zauna a baranda, ni ina karantawa da ƙarfi ita tana gyaran kuɓewa. Idan an zo wurin faɗa sai ta manta da wuƙar a hannunta.

Da na kawo sunan, an sha daga. Ammi ta ce, "Wannan suna ne ko maganin tari?" Limamin unguwa ya ce shi bai taɓa cin karo da shi a littafi ba. Wanda ya tsaya mini shi ne Bhai-jan Tanwir, yayana, mutumin da ban taɓa ganin ya tsaya wa kowa a kan komai ba. Ya ce, "Haƙƙin Nuzhat ne. Abin da ta faɗa shi ke nan." A gidanmu kuwa idan Bhai-jan ya ce shi ke nan, fanka ma rage gudu take yi. Ya sa aka buga sunan da ruwan zinariya a kan kwalayen alewar laddu, aka rarraba wa dangi da abokan aikinsa.

Mu nan mun yarda suna yana jan mai shi, abin da mai sunan farko ya yi, shi na baya zai bi. Saboda haka ma na zaɓa. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne labarin bai ƙare ba tukuna. A bangon mujallar ta yau an rubuta da jan tawada: kashi na ƙarshe.

Na sulale na haye ɗakin saman bene inda muke tara barguna, na zauna a kan akwatin ƙarfe, na buɗe.

A watan jiya an tsaya Zarmala ta fasa ƙofar fada, ta kayar da Arzan, tsinin takobinta a maƙogwaronsa. Wannan fa mutumin da ya kulle ta a hasumiyar ƙanƙara hunturu guda, ya yanka dokinta a gaban idonta, ya kakkarya mata yatsu don kada ta sake riƙe guduma. Wata guda na yi ina jiran in ga kansa yana gangarawa a kan matakala.

Sai ya yi hawaye. Ɗigo ɗaya tal, marubuciyar ma ta ɓata rabin shafi tana kwatanta yadda ya gangaro. Ya ce wai tun yana ƙarami uwarsa ba ta taɓa rungumarsa ba. Na ce to, Allah ya jiƙan rai, sare shi mu tafi. Sai na ga Zarmala ta durƙusa. Wai tun ranar farko ta hango baƙin ciki a cikin korayen idanunsa. Wace ranar farkon? Ranar da ya yanka mata doki? A ina ta sami sukunin duba kalar idonsa?

Na juya shafi. Ta ɗauki takobin da muka yi shekaru muna bi, ta wurga shi cikin tafki. Ya ce zuciyarsa ba za ta taɓa natsuwa da matar da take iya tashi sama ba. Ita da kanta ta je ta ɗauko almakashi ta miƙa masa, ta juya masa ƙeya.

Akwai wani Dilawar, mai kwale-kwale, wanda ya tsallakar da ita tafkin wuta, ya yi jinyar yatsunta, bai taɓa neman ko murmushi ba. Kibiya ta same shi a layi biyu, ko jana'iza ba a yi masa ba. Kogin kuwa, Arzan ya saki rabinsa a matsayin kyautar aure, mutanen kwari suka zo suna yi masa godiya. Godiya, a kan ruwansu. Sauran shafukan duk kayan amarya ne, wane zare aka yi ɗinki da shi, wane dutse aka liƙa a goshi. A layin ƙarshe tana tsaye a kansa tana yi masa fifita.

Na sake duba bayan shafin ko akwai ci gaba. Tallan man shafawa ne. Wallahi na ji kamar wata ƙawata ta shekara da shekaru ta tofa mini yawu a fuska. Na yi kuka, kuma ba na tausayi ba ne, na takaici ne. Ina cikin share ido na jiyo jaririyar ta tsanyara kuka daga ƙasa. Wannan sunan zan liƙa mata bayan azahar.

Na sauko na sami Ammi a kicin tana zuba kala a zarda, shinkafar zaƙi ta biki, ƙanwarta Khala Parwin tana yanka kwakwa.

"Ina kika shige? Gyaɗar almond ɗin nan ita za ta ɓare kanta?"

Na matsa kusa da kunnenta. "Ammi, sunan nan ba zai yiwu ba."

Ba ta ko juyo ba. "Wane sunan?"

"Zarmala. Na karanta ƙarshen. Ba mutuniyar kirki ba ce. Wato ba ta da zuciya ne, ta..."

"Au, yau kika sani?" Ta ajiye ludayin. "Watanni kina cika mana kunne, kin sa na yi cacar baki da liman, kin sa yayanki ya buga suna a kwali har gidan mai masana'anta an kai. Yanzu da wanzami yake wasa aska za ki zo mini da maganar tatsuniya?"

"Ke kika ce suna yana jan mutum."

"Na faɗa, kuma ba ki ji ba. Je ki gaya wa Tanwir, in kin gaji da zaman lafiya. Ni kam ba da bakina ba."

Khala Parwin ta kwashe da dariya. "Ita ce fa ta lasa wa yarinyar zuma ranar haihuwa, kuma halin mai lasawa jariri yake ɗauka. Mun shiga uku, za a yi Nuzhat biyu a gida ɗaya. Wannan ko wane suna aka sa mata, bakin dai ya riga ya samu."

Ina fitowa na yi kiciɓis da Bhai-jan a tsakar gida, cikin fararen kaya da suka sha sitaci, yana nuna wa mahauci inda zai kwantar da akuya. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Me ya sami idonki?"

"Albasa ce, Bhai-jan."

"Ki wanke fuska. Mai masana'antarmu zai zo da kansa. Idan liman ya tambaye ki, ki buɗe murya kowa ya ji, ban da noƙe-noƙe."

Na ce to. Ya wuce, ni kuma na shige ɗakin Bhabi na turo ƙofa.

Ɗakin da duhu-duhu, yana ƙamshin man tausa da hayaƙin turare. Tana kishingiɗe, kanta ɗaure da ɗankwali, ƙotar wuƙar da Ammi ta sa mata a ƙarƙashin matashi saboda iskokai ta leƙo waje. Jaririyar tana barci a gefenta, gashinta baƙi ƙirin da za a aske an jima ya kwanta a goshi. Bhabi ta hango mujallar a hannuna, fuskarta ta washe.

"Ta zo? Zauna, karanta mini kafin a neme ki. Ta sare shi?"

"Ba ta sare shi ba."

"To me ta yi?"

Ban karanta ba, don ba zan iya sake bin layukan nan ba. Na zayyana mata da bakina, hawayen, tafkin, almakashin, Dilawar, fifitar. Ina faɗa ina ƙara hawa, ina zagaye ɗakin, har na manta da mai barci.

"Sakarya kawai. Mutum ya kulle ki, ya raba ki da sana'arki, ya karya miki yatsu, sannan don ya matso hawaye ɗaya ki ɗauko almakashi ki ba shi? Wai so. Wannan ba so ba ne, rashin zuciya ne. Macen da ta yi haka ba tausayi ya kamace ta ba, Bhabi, mari ya kamace ta, a tashe ta daga barci."

Sai na lura Bhabi ba ni take kallo ba. Tana gyara wa jaririya zani, kuma da hannun dama kaɗai take yi. Na hagun ta tura shi ƙarƙashin bargo.

Kafin aure Bhabi malamar lissafi ce a kwalejin 'yan mata. An yi alkawari za ta ci gaba. Bayan biki Bhai-jan ya ce matarsa ba za ta riƙa cusuwa a bas da maza ba, ita da ƙafarta ta je ta ajiye aikin. Ƙaramin yatsanta na hagu kuwa bai sake miƙewa ba tun ranar da aka ce ƙofa ce ta datse shi. Duk gidan mun san wannan, yadda muka san inda rufi yake yoyo.

"To da me za ta yi?" ta tambaya a hankali.

Muryata ta riga ta sauka. "Ta sare shi ta koma gida."

"Wane gidan?"

Na sunkuyar da kai.

"Ubanta ya mutu tun a farkon labari. Mutanen garin kuma kin faɗa da bakinki, godiya suka je yi masa. Ta koma wurin wa?"

"Bhabi, wallahi ba ke nake nufi ba."

"Na sani. Da ni kike nufi ai da kin sassauta."

Na zauna a bakin gado, kunya kamar ta kashe ni. Na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan ƙafar jaririyar da ta zame daga zani.

Bhabi ta ce, "Kin san dalilin da ya sa yayanki ya tsaya miki a kan sunan nan?"

"Ya ce haƙƙina ne."

Ta yi wata 'yar dariya. "Ina da ciki wata biyar na roƙe shi, in mace ce a sa mata Sugra, sunan mahaifiyata. Ya ce sunan tsofaffin ƙauye ne, kuma babu sunan gidanmu da zai shigo gidansa. Washegari kika zo da Zarmala. Da kin zo da sunan tukunya ma zai buga shi a kwali."

Na san labarin mahaifiyarta sama-sama. Ta kwashe 'ya'yanta mata huɗu daga gidan mijin da yake dukanta, ta kama ɗaki ɗaya a bayan tashar jirgi, ta yi ta ɗinkin ƙwallo da hannu har idonta ya mutu, kuma duk huɗun sai da suka yi karatu. Ta rasu kafin bikin Bhabi.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Don ni ma ina son Zarmala." Idonta ya ciko. "Kina tsammanin ke kaɗai kike jiran watan nan? Na haƙura ne na ce ba komai, ko ban samu Sugra ba, ai wannan ma ba za ta durƙusa wa kowa ba. Duk wata in kina karantawa, ji nake kamar wani yana rama mini." Ta goge fuska da gefen ɗankwali. "Ashe ita ma tamu ce."

Ta dubi 'yarta, sannan ta ce, "Ba na so ta yi wannan ƙarshen, Nuzhat. Na gaji da shi."

Zuciyata ta taso, irin tasowar da take yi mini tun ina yarinya. Na kama hannunta. "Bakina ne zai faɗi sunan. Ni liman zai tambaya, ba shi ba. Sugra zan ce, in ya so duk abin da zai faru ya faru."

"Kada ki yi alkawari a cikin ɗaki."

"Kin san ni, Bhabi. Wa nake tsoro?"

Daga masallacin lungu aka kira azahar.

Da maza suka dawo daga salla, tsakar gida ta rabu biyu. Su suna kan gadajen igiya, mata sun cunkushe a baranda. An ba mai masana'anta kujera mai hannu a tsakiya, wani dattijo mai jan gemu da sanda. Wanzami ya wanke hannunsa daga girki ya zauna a kan tabarma, aska da kwanon ruwan ɗumi a gabansa. A can gefe mahauci ya danne akuya, wuƙa a wuyanta, yana jira, don aska da wuƙa tare suke sauka da zarar an faɗi suna.

Ammi ta miƙo mini jaririyar daga bakin ƙofa, ta ce a kunnena, "Ki rufa mana asiri." Na taka zuwa tsakiyar fili. Ban taɓa sanin tsakar gidanmu tana da faɗi haka ba.

Bhai-jan ya zo ya tsaya a gefena, ya ɗora hannu a kafaɗata kamar mai alfahari da ƙanwa. Liman ya yi bismilla, ya yi 'yar addu'a, ya ɗago kai.

"To, gwaggon yarinya. Wane suna aka zaɓa mata?"

Na buɗe baki. Sunan yana nan a kan harshena, na ji shi, amma iska ta ƙi fitowa. Na ga kwalayen laddu a jere a kan tebur, rubutun zinariya yana ƙyalli. Na ga mai masana'anta ya karkato kunne. Akuya ta yi wani ɗan kuka a ƙarƙashin gwiwar mahauci.

Bhai-jan ya yi dariya ya dubi baƙi. "Yau Nuzhat ce ta rasa baki? Abin tarihi." Maza suka taya shi. Yatsunsa suka nutse a kafaɗata har ƙashi, ya sunkuyo, murmushin yana nan a fuskarsa. "Faɗi."

Duk zafin kaina, duk surutun da aka san ni da shi daga nan har Gujranwala, ban san inda suka shige ba. Tsoro ne ya kama ni, tsantsarsa, irin wanda nake ji tun ina ƙarama idan na jiyo takunsa a zaure. Na ji bakina yana cewa, "Zar..."

"Sunanta Sugra."

Ba da ƙarfi aka faɗa ba, amma kowa ya ji. Mata suka dare. Bhabi ce a tsaye, ba takalmi, ta tsallake dokin ƙofa, ta dafa bango da hannu ɗaya. Fuskarta ta yi fari fat, gumi yana bin wuyanta.

Ammi ta dafe ƙirji. "Shagufta, koma ciki. Ba ki yi arba'in ba, kina so iska ta buge ki?"

Ba ta koma ba. Ta ƙara taku ɗaya zuwa cikin rana. Ba mijinta take kallo ba, liman take kallo.

"Malam, sunan mahaifiyata ne. Sugra."

Ba wanda ya motsa. Hannun Bhai-jan ya yi nauyi a kafaɗata, ina jin numfashinsa yana fita ta hanci. Liman ya dubi Bhai-jan, ya dubi kwalaye, ya shafa gemu. Dama can bai taɓa son wancan sunan ba.

"Suna ne mai asali, masha Allah," ya ce a hankali. "Amma a gidan nan gwaggo ake tambaya. 'Yata, me kika ce?"

Na dubi Bhabi. Matar da na ce mari ya kamace ta.

"Sugra," na ce. Sai na sake faɗa yadda na bayan fili zai ji. "Sunanta Sugra."

Yanzu saura uban yarinya. Duk idanu suka koma kansa. Mai masana'anta ya buga sandarsa a ƙasa yana dariya. "Tanwir, ashe kai ma a gida ba kai ne manaja ba. Sunan kakata ke nan, Allah ya raya yarinya."

Na ga muƙamuƙin Bhai-jan ya motsa. Sai ya saki kafaɗata, ya buɗe hannuwa, ya yi dariyar da ta fi ta kowa ƙarfi. "Sha'anin mata ke nan, ranka ya daɗe. Da safe wani abu, da rana wani abu. A yi yadda suka ce."

Liman ya ɗaga hannu. Mahauci ya yi kabbara, wanzami ya ɗora aska, jaririya ta callara kuka a hannuna. Mata suka shiga yi wa juna barka da muryoyin da ba su gama dawowa daidai ba.

Da aka gama aski na juya zan mai da ita ɗaki. Bhai-jan ya riga ni isa wurin Bhabi. Ya kama gwiwar hannunta kamar mai taimaka wa mara lafiya, har wata tsohuwa tana cewa Allah ya ba kowa miji irin wannan. Ina bayansu daf da daf, shi ya sa na ji abin da ya faɗa mata a bakin ƙofa.

"Bari baƙi su tafi."

Ban ci shinkafar sunan ba. Na yi ta zirga-zirga da butar shayi ina cika kofunan da ba su ƙare ba. Duk wadda ta jawo mayafi sai in ce haba, tun yanzu, ga zarda ba ki taɓa ba. Na roƙi Khala Parwin ta kwana, ta ce surukarta ba lafiya, kuma ba ta yarda mun haɗa ido ba. Ammi ta shige kicin tana ta kankare tukunyar da ta riga ta fita. Ni na tayar da maganar nan saboda haushin labarin mujalla, amma ba ni aka ce wa a bari baƙi su tafi ba.

Bayan la'asar gidan ya soma yin fili. Wanzami ya kife tukwanensa a kan amalanke. 'Yan Gujranwala suka fita a gurguje kada mota ta bar su. Bhai-jan ya raka na ƙarshe har lungu, ina jiyo shi yana ta godiya.

Na jawo 'yar kujerar tsuguno, na ajiye ta a tsakiyar ƙofar Bhabi, na zauna. A ciki tana ba da nono.

Ya dawo, ya rufe ƙofar gida, ya zura sakata. Ya tako tsakar gida ba gaggawa, yana naɗe hannun rigarsa, ya tsaya a kaina har inuwarsa ta rufe ni.

"Tashi."

Na riƙe ƙafar kujerar da hannu biyu don kada jikina ya tashi ba da izinina ba.

"Ba zan tashi ba, Bhai-jan."

"Me kika ce?"

"A nan zan zauna. A ɗakin nan ma zan riƙa kwana, mai jego tana bukatar mai taya ta."

Ƙarar kankare tukunya ta tsaya a kicin. Na jira mari, har na runtse ido ɗaya. Bai zo ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya leƙa ta saman kaina zuwa cikin ɗakin, ya dawo da idonsa kaina. Ya sauke hannun rigarsa, ya ɓalla maɓallin a nutse.

"Zauna abinki," ya ce. "Bikinki bayan Babbar Salla ne, Nuzhat, daga nan kin bar gidan. Ni ba na sauri."

Ya juya ya nufi ɗakinsa, yana kiran Ammi ta kawo masa abinci.

Na zauna a wurin, hannuna ya ƙi sakin kujerar. Can Bhabi ta yi magana daga ciki, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ɗan jawo ƙofar, Nuzhat. Rana tana dukan kan Sugra."

Na jawo ƙofar, na gyara zama a bakinta.